Bam ɗin nukiliya ba zai tare mai babur ba

'Yan uwa, akwai maganar da ke yawo a fadodinmu nan Tawa: wai da Nijar ta ƙera bam ɗin nukiliya da yuraniyom ɗin Arlit, da ba ƙasar da za ta sake ɗaure wa 'yan ta'adda gindi a kanmu. Na san zafin rai ne ke sa a faɗi haka, amma wallahi ban yarda ba.

Tunanin ma ba sabo ba ne. A Janairun 2006, shugaban Faransa na lokacin, Jacques Chirac, ya gargaɗi shugabannin da ke amfani da ta'addanci kan Faransa cewa martanin zai iya wuce makaman da aka saba. Duk da haka an kashe mutum 130 a Paris a Nuwamban 2015.

Ku dubi Indiya da Pakistan. Dukansu sun gwada bam a watan Mayun 1998. A Nuwamban 2008 wasu mutum goma suka shiga Mumbai ta teku, suka kashe mutum 166. Indiya ta ce 'yan ƙungiyar Lashkar-e-Taiba ne daga Pakistan, ga ta da bam a hannu, amma ba ta kai hari ba, don ta san wancan ma yana da nasa. A 2025, bayan kisan mutum 26 a Pahalgam, yankin Kashmir da ke hannun Indiya, ƙasashen biyu suka yi kwana huɗu suna musayar wuta, hankalin duniya ya tashi, aka tsagaita. Wato wanda ake zargi da ɗaukar nauyin ta'addancin shi bam ɗin ya fi yi wa rumfa.

Mu dawo gida. A Maris na 2021, a ƙauyukan Tiliya, mutum 137 aka kashe rana guda. Maharan bisa babura suka zo, suka koma daji. To wa za a jefa wa bam? Ko an gano ƙasar da ta ba su kuɗi, sai a ƙone birni da matansa da jariransa? Wane malami zai halatta wannan? Kuma Afirka da kanta ta haramta makamin a yarjejeniyar Pelindaba ta 1996, bayan Saharar nan tamu ta sha gwajin bam ɗin Faransa a Reggane, cikin Aljeriya, tun 1960.

Ni dai abin da nake so, a toshe hanyar da fetur da babura da kuɗi ke bi su isa daji, kuma in makiyayi ya buga waya ya ce ga su nan tafe, soja ya iso kafin su shiga gari.