Wa muke nufi idan muka ce "bai yi karatu ba"?

Duk ranar 8 ga Satumba za ka ji gidajen rediyon Hausa sun buɗe labari da cewa yau ce ranar yaƙi da jahilci ta duniya. Tun 1967 ake bikin wannan rana a ƙarƙashin hukumar UNESCO, kuma abin da aka keɓe ta dominsa shi ne iya karatu da rubutu. A nan Turkiyya inda nake zaune, sunan da suka ba ranar a harshensu bai wuce "ranar karatu da rubutu ta duniya" ba. Ba a ambaci yaƙi ba, ba a kira kowa jahili ba. Wannan bambanci ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin yadda muke gina jimla a kan wannan batu yana zubar da mutuncin bayin Allah masu yawa, kuma yana hana mu sanin ainihin inda matsalarmu take.

Kada a ɗauka Turkawa ba su san kalmar jahili ba. Suna da ita, daga Larabci suka aro ta kamar yadda muka aro, har furucin ma kusan ɗaya ne da namu. Amma zagi ce a wurinsu, ana jefa ta ga mai taurin kai da ba ya jin bayani, ko da kuwa yana da digiri. Idan ana maganar iya haruffa, wata kalma suke ɗaukowa: okuryazar. Haɗi ne na kalmomi biyu, mai karantawa da mai rubutawa. A takardun da ake cikewa a ofisoshi da wajen bincike, idan aka zo gurbin matakin ilimi, sau da yawa akwatin farko na wanda bai iya karatu da rubutu ba ne, na biyu na wanda ya iya amma bai gama wata makaranta ba, daga nan sai firamare, sakandare, har zuwa jami'a. Akwatin nan na biyu shi ya fi jan hankalina. Ya yarda cewa mutum zai iya mallakar karatu da rubutu ba tare da takardar shaida ba.

Akwai wata dattijuwa a benen da nake haya, daga gabashin ƙasar ta taso. Wata rana ta tare ni a matakala da kwalin magani a hannu, ta ce, "Ɗana, ba ni da karatu da rubutu, duba mini sau nawa aka ce in sha." Ta faɗe shi ne kai tsaye, ba ta sunkuyar da kai ba, ba ta rage murya ba. Na karanta mata, ta maimaita sau biyu, ta sa farce ta yi zane uku a jikin kwalin, ta yi mini addu'a ta wuce. Jimlar da ta yi amfani da ita ta faɗi abin da ta rasa, ta tsaya a nan. Hankalinta da tarbiyyar da ta ba 'ya'yanta da sanin addininta duk suna nan daram, jimlar ba ta taɓa su ba.

To mu koma Hausa. Kalmar karatu a bakinmu tana ɗaukar kaya da yawa, kuma aikatau ɗin da aka sa a gabanta shi ke juya ta. "Yana karatu" na iya nufin yana duba littafi yanzu, ko yana tilawa da ka ba tare da ya kalli takarda ba, ko kuma ɗalibi ne a wata jami'a. "Ya iya karatu" na nufin idan aka miƙa masa rubutu zai fitar da abin da ke ciki, wani lokacin kuma ana nufin ƙira'arsa tana da daɗi. "Ya yi karatu" kuwa wani abu ne daban: ya shiga aji, ya yi nisa, ya fito da takarda. Tsakanin "iya" da "yi" harafi ɗaya ne ya raba, amma a ma'ana tafiya ce mai nisa. Akwai wanda ya yi karatu na shekara shida a firamare, ka ba shi jarida ya kasa haɗa layi ɗaya. Akwai kuma wanda ya iya karatu sarai, amma idan ka tambaye shi sai ya ce maka bai yi ba.

Wannan na biyun shi ne ke sosa mini rai. Na san dattijon da ya haddace Alƙur'ani, ya rubuta shi da hannunsa da ka, da tawada da alƙalamin gamba, ya yi masa wasali da ja. Lissafin kasuwancinsa duka da ajami yake, sunan mai bashi, kayan da ya ɗauka, ranar biya. Wasiƙar da yake aika wa ɗan'uwansa da ajami take. Amma ranar da masu ɗaukar bayanai suka zo, yaron da ke riƙe da takarda ya ce, "Baba, kun yi karatu?" sai ya amsa, "A'a, ɗana, ni ban yi ba." Ya san abin da ake nufi da tambayar, boko ake nufi. Yaron ya sa alama ya wuce gida na gaba. Daga wannan alama aka tara alƙaluma, daga alƙaluman aka rubuta rahoto, daga rahoton mai fassara ya ce kaso kaza na mutanen yankin jahilai ne. Mutumin da ya shafe sama da rabin rayuwarsa yana rubutu ya shiga lissafin waɗanda ba su san alif ba.

Yadda aka yi muka iso nan sananne ne. Kafin zuwan Turawa, Hausawa na rubuta harshensu da haruffan Larabci, ana waƙoƙin wa'azi, ana wasiƙu, ana ajiye tarihi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'yan taru, inda jajis, wato mata malamai masu yawo, ke ɗaukar karatu su kai wa mata a ƙauyuka. A 1909 Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano, kuma mulkin mallaka ya zaɓi haruffan boko don aikin gwamnati. A 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura ɗamarar koya wa manya karatun boko, ta sa wa shirin suna Yaƙi da Jahilci. Ina girmama wannan aiki ƙwarai. Dubban magidanta sun zauna a kan tabarma da yamma sun koyi a, ba, ca, da, sun tabbatar da cewa gemu ba ya hana ilimi. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne sunan, domin daga lokacin ya zauna a kunnen mutane cewa rashin boko shi ne jahilci, har da malamin da ɗalibai ke cika zaurensa kullum asuba.

Turkawa sun bi ta irin wannan hanya, tasu ma ta fi tsanani. Ranar 1 ga Nuwamba 1928 majalisarsu ta zartar da dokar sauya haruffa, aka ajiye na Larabci da aka yi ɗaruruwan shekaru ana rubuta harshen Usmaniyya da su, aka ɗauki na Latin guda 29. A farkon 1929 aka buɗe makarantun al'umma don manya, maza da mata, shugaban ƙasar na lokacin kuwa, Mustafa Kamal Ataturk, tun a 1928 da kansa ya zaga gari-gari da baƙin allo. Malaman da suka tsufa a kan rubutu suka wayi gari suna buƙatar sabuwar shaida. Ana muhawara a kan wannan mataki har gobe a ƙasar, kuma ba hurumina ba ne in raba musu gardama.

Amma na ga sakamakonsa da idona a maƙabartar Ayyub Sultan da ke Santambul. Muna tafe da wani abokin karatuna Baturke, ga duwatsun kaburbura a jere, dogaye, an sassaƙa musu rubutu daga sama har ƙasa. Ya tsaya a gaban ɗaya ya ce kakannin kakanninsa irin wannan rubutu suke yi, shi kuwa ko harafi ɗaya ba ya ganewa. Ni da na yi allo sai na matsa, na fara haɗa baƙi. Na gane "Huwal Baƙi" a sama, na gane "Fatiha" a ƙasa, na gane shekarar hijira. Abin da ke tsakiya kuwa ina iya furta shi da ƙyar, ma'anar ba ta zo mini. Sai muka yi haka: ni ina furtawa, shi yana saurare, idan kalma ta faɗo a kunnensa ya ce ai wannan "ɗiya" ce, wannan "marigayiya". Da haka muka gane kabarin wata budurwa ne. Ni ina da haruffa ba harshe, shi yana da harshe ba haruffa, kuma kowanenmu a jami'a yake. A gaban wannan dutse babu ɗayanmu da za a ce ya iya karatu shi kaɗai.

Ma'anar da UNESCO ta bayar tun 1958 ta yi daidai da abin da na gani a wurin. Ta ce mai iya karatu da rubutu shi ne wanda zai karanta, ya kuma rubuta, gajeren bayani mai sauƙi a kan rayuwarsa ta yau da kullum, tare da fahimta. Ba ta ce da wane harafi ba, ba ta ce da wane harshe ba. A kan wannan ma'auni dattijon nan mai ajami ya haye tun da daɗewa. Tambayar da aka yi masa ce ta kayar da shi.

Larabawa ma, waɗanda muka aro kalmar daga wurinsu, ba su haɗa biyun ba. Shirin koyar da manya a ƙasashensu sunansa kawar da ummiyya, wato rashin iya karatu da rubutu. Duk wanda ya zauna gaban malamin tafsiri ya ji inda Suratul A'araf ta siffanta Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Annabi Ummiyyi, kuma mafi yawan malamai sun fassara shi da wanda ba ya karatu ba ya rubutu. Wannan kaɗai ya isa ya sa Bahaushe ya yi hattara kafin ya mai da rashin rubutu da jahilci abu ɗaya.

Ba ina cewa ajami ya wadatar a yau ba. Takardar banki da boko take, umarnin likita da boko yake, saƙon da ke shigowa waya cewa an cire maka kuɗi da boko yake, sau da yawa ma da Turanci. Wanda bai iya ba yana cutuwa, kuma wajibi ne a koya masa. Haka nan ba duk wanda ya yi allo ne ya iya ajami ba. Yara da yawa suna tilawa tiryan-tiryan, amma ka ce su rubuta "na tafi kasuwa" da haruffan da suke wankewa kullum, sai abin ya gagara. Ai wannan ne ma dalilin da ya sa nake son jimlar ta fito fili. Wanda ya iya ajami yana da rabin aikin a hannu, ya riga ya san cewa alama tana ɗauke da sauti, ɗora shi a kan boko ba zai ɗauki lokacin da za a ɓata a kan wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba. Idan aka zuba su aji ɗaya da suna ɗaya, na farkon zai ji an raina shi ya daina zuwa.

Ko kuɗin da ke aljihunmu shaida ne. Rubutun da ke jikin naira 200 da 500 da 1000, wanda mutane ke kira Larabci, Hausa ce zalla da ajami, ƙimar kuɗin kawai aka rubuta. An sa shi ne saboda an san akwai miliyoyin da ta nan suke karantawa. A 2007 aka cire shi daga naira 5 da 10 da 20 da 50. A muhawarar da ta biyo baya an fi jin maganar addini, masu karanta shi kuwa ba a cika tambayar su ba.

Wani abin da na lura da shi a nan Turkiyya shi ne yadda Turkawa suka miƙar da kalmar tasu ta okuryazar. Suna cewa okuryazar na kafofin labarai, na kuɗi, na lafiya, na intanet, suna nufin wanda ya san kan abin. Masu fassara a gidajen jaridunmu suna fama da irin waɗannan, har wasu na ganin sai an ƙirƙiro wa Hausa suna guda ɗaya da zai ɗauke su duka. Ni ban ga buƙatar haka ba. Hausa da aikatau take tafiya a nan, kuma "iya" da "sani" sun ishe mu: ya iya waya, ta san kan kuɗi, ya iya tantance labarin ƙarya, ba ta gane takardar asibiti. Kowace jimla a cikin waɗannan ta faɗi takamaiman abin da aka iya ko aka kasa, ta bar mutum da darajarsa.

Don haka roƙona ga editoci da masu fassara da masu tsara takardun ƙidaya ƙarami ne. Ranar 8 ga Satumba a ce ranar karatu da rubutu. A rahoto a ce waɗanda ba su iya karatu da rubutu da boko ba, idan bokon aka auna. Yaron da aka tura gida-gida kuma a sauya masa tambaya, ya ce, "Baba, kuna karanta wasiƙa da kanku? Da ajami ko da boko? Kuna rubutawa?" Sannan ya miƙa takarda mai layi biyu, ɗaya da ajami ɗaya da boko, ya bar dattijo ya zaɓi wanda zai karanta.