Wai tanka ba ta shiga kurmi? Ku duba Malaya da Bama

Jama'a akwai maganar da na sha ji a bakin masu son tarihin yaƙi, wai tankar yaƙi aikinta fili ne da hamada, in ta shiga surƙuƙin daji ta zama kaya. Ni dai ban yarda ba, kuma wannan tunanin ne ma ya ja wa Turawan Ingila asara mai ciwo a yaƙin duniya na biyu.

A ƙarshen 1941 da Japan ta afka wa Malaya (ɓangaren ƙasar Malesiya ta yau), sojojin Ingila da ke can ba su da tankoki, an ɗauka ƙasar duk kurmi ce da fadama, ta ina tanka za ta bi? Su kuwa Japanawa da nasu suka zo, ƙanana marasa nauyi, kuma ba su ce sai sun keta daji ba, kwalta kawai suka hau. Ranar 7 ga Janairu 1942 a Kogin Slim tankoki kusan 30 suka taso cikin duhun dare suka ratsa birged biyu na sojan Indiya da ke yaƙi a ƙarƙashin Ingila, wasu bayin Allah ma suna tafe a jere kan titi ba su san an karya na gaba ba sai ganin tanka suka yi a kansu, har gadar kogin suka kama kafin a samu damar fasa ta. Kwana huɗu bayan nan Kuala Lumpur ta faɗi, 15 ga Fabrairu kuma Singafo ta bi.

To amma inda abin ya fi ɗaukar hankalina shi ne ƙasar Bama (Myanmar ta yau) da iyakar Indiya a 1944. Sojan Japan gwanayen haƙa rami ne, su tona su jera gungumen itace a sama su bi da ƙasa su rufe da ganye, jirgi ya yi ruwan bam, igwa ta yi ta dukan wurin, kura na lafawa sai ka ji mashinga ta ci gaba da tashi. Sai sojan Ingila suka gano dabara, tanka ta matso kusa ta fara harba harsashi mai fashewa ta share ciyayi har bakin ramin ya bayyana, sannan ta koma harsashin ƙarfe zalla wanda ba ya tarwatsewa, shi ke ba sojan ƙasa damar rarrafowa dab da ramin ba tare da ɓarɓashi ya same su ba, su jefa gurneti. A garin Kohima na Indiya, kusa da iyakar Bama, an shafe makonni ana kashe juna a kan filin wasan tanis na gidan D.C, wato jami'in mulkin yankin, rami da rami tazarar jifa, sai ranar 13 ga Mayu da injiniyoyi suka sare hanya aka hau da tankar Grant guda ɗaya, ta tsaya kusa ta rinƙa rusa ramukan ɗaya bayan ɗaya, sannan wurin ya samu.

Kuma fa ba arha ba ne. A dutsen Nunshigum kusa da garin Imphal na Indiya, 13 ga Afrilu 1944, hanyar kan dutsen siririya ce ƙwarai, dole kwamandan kowace tanka ya fito da kai waje yana nuna wa direba inda zai sa ƙafa, haka aka rinƙa harbe su, har hafsoshin suka ƙare, wani saje-manja na 'yan tankar da wani Subadar (ƙaramin hafsa Ba'indiye) na sojan ƙasa 'yan ƙabilar Dogra suka ƙarasa yaƙin. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi. A daji tanka makauniya ce, ba ta ganin wanda ke kwance da nakiya taku biyar daga ita, in babu sojan ƙasa a gefenta da katafila a gabanta to ta zama akwatin gawa. Laka ma abokiyar gaba ce, a Milne Bay ta Niu Gini a 1942 tankokin Japan guda biyu taɓo ne ya riƙe su suka bar su nan.

Akwai kuma wuraren da babu tankar da za ta je ko ana ha maza ha mata, kuma nan ne aka tura kakanninmu. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda ke cike da 'yan Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, ita ta shiga kwarin Kaladan a ƙasar Bama, kaya a ka, abinci da harsashi sai jirgi ya sako musu daga sama, suna tare gefe don manyan rundunonin da ke bakin teku su samu gaba. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga ana ba da labarin yadda Janar Slim, kwamandan sojan Ingila a Bama, ya tura tankokin Sherman suka kama garin Meiktila a Maris 1945, a yi ta yabon ƙarfe, a tsallake mutanen da suka yi wata da watanni a ƙafa cikin ruwan sama da zazzaɓin cizon sauro, da yawansu ko kabarinsu danginsu ba su taɓa gani ba.