Garkuwar Kyaftin Amurka da Kwanon Parabol ɗin Hajiya

Abin daga baki ya faro, kuma bakin nawa ne. Wani dare cikin watan Fabrairu muna zaune a tsakar gida a unguwar Zariya ta Maradi, Abba yana kallon Kyaftin Amurka a wayata, mutumin nan mai shuɗin kaya da ke wurga garkuwa ta buge mutum uku sannan ta dawo hannunsa kamar an aike ta. Yaron ya ɗago ya ce, "Baba, nawa ake sayar da irin wannan?" Da na yi shiru da an wuce wurin. Sai na ji bakina yana cewa, "Saye kuma? Wannan ai ni ma sai in ƙera maka." Uwarsa tana tsinke zogale, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Allah ya ba da sa'a, Mushe." Duk wanda ya shekara goma sha biyu da aure ya san irin wannan addu'ar.

'Yan uwa na Katsina da Kano, kada ku yi dariya. A nan Nijar malamin lekol ake ce wa Mushe, daga Faransanci aka aro, ba ruwansa da abin da ungulu ke ci. Lissafi nake koyarwa. Ku riƙe wannan, za a zo wurinsa.

Kwana biyu na yi ina tonon intanet. Na gano cewa tun 1940 wasu Amurkawa biyu, Joe Simon da Jack Kirby, suka ƙirƙiro wannan gwarzo a mujallar zane, kuma garkuwarsa ta farko ma mai kusurwa ce, sai a fitowa ta biyu ta koma da'ira. Faɗinta ƙafa biyu da rabi, wajen santimita 76. A fim an ce da wani ƙarfe aka yi ta mai suna bibraniyom, daga Wakanda, wata ƙasar Afirka da ba ta cikin taswirar da ke rataye a ajinmu. Mu dai uraniyom muke da shi a Arlit, shi ma ba a auna shi a tiya a babbar kasuwa. Can ƙasa na ga masu kwaikwayon garkuwar a gidajensu suna cewa tsohon kwanon parabol, na kama tashoshin talabijin, yana yi, tunda dama a lanƙwashe yake. Na ajiye waya, na ɗaga kai na dubi rufin gidanmu.

Kwano biyu ne a sama. Ɗaya ya mutu tun bara, ɗayan kuwa da shi Hajiya mahaifiyata ke kallon ɗawafi a Makka dare da rana. Ranar Asabar da hantsi, wuta ta tafi, na jingina tsani na hau na kwance wanda ya fi kama da matacce. Ɗaya cikin biyu ne, ko yaron aji shida ya san rabi da rabi ne. Ban san abin da na aikata ba sai bayan isha da wuta ta dawo, na ji muryar Hajiya daga ɗaki: "Wai wa ya ɗauke mini Ka'aba?" A lokacin kwanon nata har an riga an yanke shi. Washegari mai gyara ya zo ya mayar da ɗan kan da ke kama sigina bisa tsohon kwanon, ya saita, ya karɓi jika uku, ya kuma yi mini bayanin cewa kwanon bai taɓa mutuwa ba, shi aikinsa tara sigina kawai yake yi ya mayar wuri ɗaya. Na ce na sani. Ya ce to.

Amma bari in koma wurin mai sudura, wato mai walda, don can aka fara zubar mini da mutunci. Dattijo ne, hannunsa duk tabon wuta. Ya ƙwanƙwasa kwanon da ɗan yatsa, ya ɗauko maganaɗisu ya manna, maganaɗisu ya faɗo ƙasa. Ya ce, "Mushe, wanga ba baƙin ƙarhe ba ne, alminiyom ne. Mi za ka yi da shi?" Na nuna masa hoto. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yaƙi za ka tahi?" Yaransa suka juya baya suna tari.

Kwanon parabol, in ba ku taɓa lura ba, ba da'ira ba ne, ya fi tsawo ta sama da ƙasa kamar ƙwai. Dole muka kafa ƙusa a tsakiya, muka ɗaura zare da alli muka zagaya, ya bi layin da injin yanka. Abin da ya rage santimita 60 ne. Na ce ba komai, Abba ma ai bai kai Kyaftin girma ba. Sai maganar mariƙi. Na ce ya yi mini sudurar ƙarfe biyu ta ciki inda za a zura hannu. Ya ce ba ya kamawa, hudewa zai yi. Na gyara tsayuwa na fara yi masa darasi a kan zafi da narkewa, har da Faransanci. Ya saurara har na gama, ya ja gilashinsa ya rufe fuska, ya ɗosana wuta sau ɗaya. Ƙofa ta buɗe a jikin garkuwata wadda babban yatsa ke shiga ya juya. Alminiyom a digiri 660 yake narkewa, baƙin ƙarfe kuwa sai wajen 1,500, kuma wannan yana cikin littafin da ke kan teburina. Dattijon bai ce uffan ba. Ya huda wurare huɗu ya ɗaura mini mariƙin fata da noti, wani baduku ne ya yanka fatar, ya kuma tura ni wurin masu gyaran jikin mota su cike ƙofar da mastik.

Daga nan aka shiga gugar sanfefa. Kwana huɗu. Na fara da mai kaushi mai lamba 80 don cire tsohon fenti, na dawo 400, na ƙare da 1000 ina jiƙa ta da ruwa. Yatsuna suka yi laushi har wayata ta daina gane ni. Amma alminiyom abu ne mai ruɗi, yana fara sheƙi sai ka ji ba ka iya tsayawa. Na sayo man goge ƙarfe na goge bayan, na ce cikin ma me ya yi da za a bar shi, na goge shi har ina ganin haƙorana a ciki. Na jingina ta a bango, cikin yana fuskantar rana, na shiga in watsa ruwa.

Ina cikin wanka na ji ƙauri, sannan na ji salati. Na fito da kumfa a kunne na tarar da Maman Abba riƙe da sabon mayafinta na biki, wanda ta shanya a igiya daidai gaban garkuwar, da ƙofa a tsakiyarsa gefenta ya narke ya dunƙule. Ni da nake tsayawa gaban allo duk shekara ina zana wa ɗalibai parabol, ina gaya musu duk hasken da ya faɗa cikinta wuri ɗaya yake taruwa. Ashe mayafin a wurin taruwar yake. Ta dube ni ta cikin ƙofar mayafin, ido ɗaya, ta ce, "Baban Abba, wannan ma cikin fim ɗin yake?" Na ce zan sayo wani. Ta ce biyu.

Fentin feshi na gwangwani, mu nan bom muke ce masa, kamar yadda muke ce wa na sauro. Ban taɓa jin nauyin kalmar ba sai ranar da nake cikin adaidaita, mu huɗu a matse, na kira ƙanena da ke kasuwa. Da ƙarfi nake magana saboda ƙarar inji: "Ka samo mini bom huɗu, masu ƙarfi. Kada ka gaya wa kowa a gida. Yau da dare nake so in gama aikin." Adaidaita ta yi tsit. Wata tsohuwa da ke gefena ta ce, "Ɗan nan, tsaya, nan zan sauka," alhali ko rabin hanya ba mu yi ba. Direba ya kafe ni da ido ta madubi. Na yi ta rantsuwa ina cewa ja biyu ne, shuɗi ɗaya, fari ɗaya, wanda bai taimaka ba ko kaɗan, har sai da na fito da hoton Kyaftin na zagaya da shi. Tsohuwar ta kalla ta ce, "Kai da gemunka?" Ta fasa sauka, amma ta rungume jakarta har tasha.

Tsarin launin ba wuya a ido: zobe ja a waje, fari, ja kuma, sai shuɗi a tsakiya da farin tauraro. Mai sayar da fentin ya aiko da saƙo cewa in fara sa fentin ƙasa na alminiyom, wanda ke sa na sama ya kama. Na ga ƙarin kuɗi ne kawai. Na fesa ja a kan ƙarfe mai santsi, ya bushe, ya yi kyau har na ɗauki hoto. Na zagaya da sikoc na takarda don in fitar da zobe na gaba. Da na zo ɓare sikoc ɗin, jan ya biyo shi gaba ɗaya kamar ɓawon dafaffen dankali. Na koma kan sanfefa, na ɗan kashe sheƙin da na yi kwana huɗu ina nema, don fenti ba ya zama a kan santsi, na sayo fentin ƙasan da na raina.

Zagaye na biyu na koyi ladabi. Gwangwani nesa da ƙarfe kamar taƙi ɗaya, hannu yana tafiya ba ya tsayawa, shafi siriri sau uku da jira a tsakani. Sai dai ban yi shawara da hunturu ba. Iska ta taso da yamma ta yi wa jan nan yayyafin ƙura, ya koma kamar tsire an barbaɗa masa ƙuli. Na kwashe kaya na koma zaure na rufe ƙofa da taga. Bayan minti ashirin Abba ya ruga ya gaya wa uwarsa cewa Baba yana hira da tsani. Ita ta buɗe ƙofar ta jawo ni waje ta ba ni madara. Kada kowa ya fesa bom a rufaffen ɗaki, wannan da gaske nake.

Saura tauraro, kuma nan ne fagena. Na ɗauko kompa na buɗe shi daidai rabin faɗin shuɗin, na bi gefe ina taka shi ina sa alama, na haɗa layuka, na manna sikoc, na fesa fari. Ya fito tsaf, kowane tsini daidai da ɗan uwansa. Na kira gida kaf su zo su gani. Abba ya durƙusa yana ƙirgawa da yatsa, ya sake ƙirgawa, ya ce, "Baba, nasa tsini biyar ne. Wannan shida." Haka ne kuwa. In ka taka kompa da buɗewar da ka zana da'ira, gida shida take rabuwa, ni nake koyar da hakan a zango na biyu. Mai tsini biyar sai ka raba 360 gida biyar, digiri 72 kowanne, da ma'aunin kusurwa. Na ari na Abba daga jakar lekol ɗinsa.

Gaskiya dai, da na gama na bi ta da man sheƙi ta kwana uku tana bushewa, garkuwar ta yi kyau. Ko Maman Abba sai da ta ce ba laifi. Hajiya ta karɓa ta jinjina ta, ta ƙwanƙwasa, ta ce kakanninmu da suka baro Katsina bayan 1807 suka kafa Maradi da garkuwar fata suka tare mahara, ba su kwance wa uwar kowa talabijin ba. Sannan ta tambaya ko tana da murfi.

Ranar Juma'a bayan la'asar yaran layinmu suka cika ƙofar gida. Abba ya zura hannu ya yi ta tsalle, ana jifansa da ƙwallon mangwaro yana tarewa. Da a nan aka tsaya da an rabu lafiya. Wani ɗan ƙaramin da ko wando bai iya ɗaurewa ba ya ce, "Tana dawowa?" Na karɓe ta. Na ja baya, na karkata kafaɗa kamar yadda na gani, na wurga.

Ta tashi da kyau, wannan ba mai musu. Ta yi sama tana walƙiya, ta karkata hagu, ta haye katangar Alhaji maƙwabcina. Muka ji tas, muka ji ruwa yana malala, muka ji talotalo yana kururuwa. Yara suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji.

Ta kuwa dawo. Bayan kamar minti biyar ta shigo ta zaure a hannun Alhaji, ɗaya hannun riƙe da bakin randa, ƙafar wandonsa jiƙe. Ya yi sallama cikin natsuwa, ya tambayi lafiyar Hajiya, ya tambayi ɗalibai, sannan ya ce, "Mushe, ko wannan kwanon shan naka ne?" Randar ta surukarsa ce, ta fi ni shekaru. Talotalon bai mutu ba, amma har yau in ya hango ni sai ya canza hanya.

Na zauna da dare na yi lissafi, wannan karon ban yi kuskure ba: mai gyaran parabol, mai sudura, baduku, mastik, sanfefa, bom tara maimakon huɗu, mayafi biyu, randa ɗaya. Ban faɗa wa kowa jimillar ba. Garkuwar tana nan a kan rufin kicin, gefenta a lotse, tauraro yana kallon ƙasa, Maman Abba na shanya tattasai a cikinta, ta ce ba ta taɓa samun abin da ke busar da shi da wuri haka ba.

Shekaranjiya da dare Abba yana kallo a wayata, ya ɗago ya ce, "Baba, ka ga wannan mai gudumar da ke kiran tsawa? Nawa ake..." Kafin in buɗe baki, uwarsa ta miƙe ta ɗauke taɓarya da turmi ta kai ɗaki, ta murɗa makulli ta ɗaure shi a bakin zani.