Shukar tukunya a rana: yawan ruwa ke kashe ta

Mutane da yawa a Damagaram sun ɗauka duk shukar da aka ajiye a tsakar gida ko kan soro sai an yi ta ba ta ruwa safe da yamma, tunda zafin Afrilu kan wuce digiri 40. Shi ya sa wasu ke haƙura da shuka gaba ɗaya, ganin yadda ruwa ke wuya a garin.

Magana tana ga abin da ka zaɓa. Shuke-shuke irin su karya da kabar giwa suna ajiye ruwa a jikinsu, ita karya a kumburarren gindinta. Ka cika musu ruwa kullum, saiwa ta ruɓe, gindi ya yi laushi. Sa yatsa cikin ƙasar. In da danshi, ƙyale su. Karya takan zubar da ganye da rani ta fitar da jan fure, kada ka ce ta mutu. Amma ruwan jikinta dafi ne, a nisanta ta da yara da awaki.

Tukunyar ƙasa irin ta garin Mirriya, kusa da Damagaram, ta fi baƙar roba, wadda rana ke gasawa har saiwa ta dahu. A huda gindin tukunyar, a gauraya ƙasar da yashi. Na'ana'a kuwa, inuwa take so.