Ƙunshin kayan Gwaggo

Jiya da daddare na sake jin irin cigiyar nan a rediyo. Dattijo ne, ya fita sallar la'asar da farar riga da carbi a hannu, har bayan isha'i bai dawo ba. Mai sanarwa ya ƙara da cewa "yana da ɗan rikicin tsufa", ya wuce zuwa tallar maganin basir. Ni kuwa na kasa wucewa, domin shekara huɗu muka yi a gidanmu da wannan abin da ake kira "ɗan" rikici.

Gwaggo yayar mahaifinmu ce. Mace ce mai lissafi, ta yi shekaru tana sana'ar ƙuli da man gyaɗa, kuma ko kwabo ba ya ɓace mata. Abin ya faro ne da ɓatan kuɗi. Za ta ƙulle su a bakin zane ko ta tura ƙarƙashin katifa, ta manta, sai ta fito tsakar gida tana rantsuwa cewa matar ɗanta ce ta ɗauke. Mu kuma muka yarda, tunda ba mu taɓa kama Gwaggo da ƙarya ba. Saura ƙiris auren ya mutu. Ranar da aka ɗaga katifar za a shanya, sai ga kuɗin nan ƙulli-ƙulli, har da tsofaffin takardun da aka daina karɓa, da ɓawon goro, da rabin ƙosai da ya bushe. Baiwar Allahn nan da aka yi wata shida ana yi wa kallon ɓarauniya ba ta ce uffan ba. Ɗaki ta shiga ta yi kukanta.

Daga baya sai ƙunshin kaya. Kullum rana ta yi sanyi, Gwaggo za ta ɗaure zannuwanta biyu da butarta a ɗankwali, ta nufi zaure. "Ina zuwa, Gwaggo?" "Gida zan tafi, Baba na jirana, yamma ta yi." Baban nata ya fi shekara hamsin a ƙasa. Mu da ganin muna gyara, sai mu ce mata ai ya rasu tuntuni. Sai ta zauna ta rusa kuka kamar yanzu aka aiko mata, gobe kuma a sake. Sau nawa muka yi wa tsohuwar nan sabon mutuwar uba, Allah kaɗai ya sani, Allah ya yafe mana.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ranar da ta sulale ta fita, ta shiga wani gida a bayan layinmu ta zauna a ƙofar ɗaki. An yi rashin sa'a akwai yaro kwance ba lafiya a gidan. Kafin mu isa, yara sun taru, wata har ta fara cewa a sa ta tsallake shi ta sakar masa kurwa. Da ba don wani mai shago da ya san ta tun tana sayar da mai ba, da labarin ya canza. Kada wani ya ce ina ƙara gishiri. A watan Yulin 2020 a Kafaba da ke arewacin Ghana, an lakaɗa wa wata tsohuwa mai shekara 90, Akua Denteh, duka har ta mutu a gaban jama'a saboda zargin maita, ana ɗauka a waya. Ku lura da waɗanda ake jifa da wannan zargi: tsohuwa ce, matalauciya, mai surutai ita kaɗai, mai yawon da ba ta san inda za ta ba. Ban taɓa jin an kama uwar wani mai kuɗi da maita ba.

Sai da wani ɗan'uwanmu ma'aikacin jinya ya zo hutu ya dube ta, ya ce a kai ta asibiti, sannan muka fara jin cewa abin yana da suna. Ciwon mantuwa ne, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke mutuwa sannu a hankali. Wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana nau'insa mafi yawa tun 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu fama da shi sun haura miliyan 55, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu. Tsufa kaɗai ba ya kawo shi, shi ya sa za ka ga ɗan shekara 90 yana kawo maka tarihin zuwan jirgin ƙasa garinsu dalla-dalla, ɗan 68 kuma bai gane 'yarsa ba.

Babu maganin warkewa, wannan gaskiya ne, kuma da shi wasu ke fakewa su ce to me za a je yi asibiti. Akwai abin yi. Tsohon da ya rikice dare ɗaya, jiya lafiya yau yana sambatu, sau da yawa ciwon fitsari ne, ko sukari ya faɗi, ko wani magani ya yi masa ƙarfi, kuma ana magance shi ya dawo hayyacinsa. Sannan wani kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya nuna a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin ɗari na ciwon ana iya hana shi ko jinkirta shi idan aka kula da abubuwa 14, ciki har da hawan jini, ciwon sukari, shan taba, raunin ji, raunin gani da zaman kaɗaici. Wato awon jinin da Baba ke ƙi, da aikin yanar ido da ake ta ɗagawa sai bayan girbi, duk suna da hannu a ciki.

To wa ya gaya mana wannan da Hausa? Nan ne nake da ƙorafi. Tun 1992 masana a Ibadan suka haɗa gwiwa da takwarorinsu na Indiyanafolis a Amurka suna bin tsofaffin Yarabawa shekara da shekaru, suna kwatanta su da baƙaƙen fatar can. Da suka ga gwajin takarda da biro ba zai yi wa wanda bai yi boko ba adalci, sai suka ƙirƙiro gwaji da tsinken ashana, a jera siffa a ce tsoho ya maimaita. A Ibadan ɗin dai aka buɗe cibiyar kula da lafiyar tsofaffi ta farko a ƙasar nan a 2012, a asibitin koyarwa na jami'a. Mu a nan muna da jami'o'i da asibitocin koyarwa a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, muna da asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna da Kware da Dawanau. Ina son in ga ɗalibanmu sun shiga lunguna sun zauna da tsofaffinmu da tambayoyin da suka dace da su. Tsohuwar da ke lissafi da watan Azumi da watan Cika-ciki, ka tambaye ta yau nawa ga Oktoba, ka rubuta ta faɗi jarrabawa, ai kai ne ka faɗi.

Gwamnati ma ta yi nata a takarda. Buhari ya sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a farkon 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, shekarar da aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Madalla. Amma tambayi mai unguwarku ko ya taɓa jin sunanta.

Ni dai na fi sa rai da mumbari da rediyo. Malamanmu sun fi kowa sanin ayar nan ta Suratun Nahli da ke maganar wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani, kuma Annabi (SAW) ya nemi tsari daga hakan. Huɗuba ɗaya a kan cewa wannan jarrabawa ce, mai ita ba maye ba ne, ba kuma da gangan yake zagi ko fitsari a kwance ba, za ta ceci tsofaffi da yawa daga ɗaki mai kwaɗo. A kuma faɗa wa maza cewa jinyar nan ba gadon matar ɗa ba ce ita kaɗai. A gidanmu mu goma sha ne muke zuwa gaisuwa da ledar lemo, mutum ɗaya ce ke wanke zannuwa da asuba, ita ce kuma wadda muka kira ɓarauniya.

Ita ce ma ta gano dabarar da ta fi duk tamu. In Gwaggo ta ɗauko ƙunshinta, sai ta ce, "To Inna, bari in ɗauko mayafina in raka ki, amma taya ni ɓare gyaɗar nan tukuna kada mu bar aiki." Sai ta ajiye mata faranti. Hannun da ya manta sunayen jikoki bai manta ɓarar gyaɗa ba. Tana yi tana ba da labarin kasuwar ƙauyensu har a kira magariba, a kwance ƙunshin a mayar da zannuwan cikin akwati. Mun kuma ɗinka lambar waya a cikin ɗankwalinta, muka bi masu shaguna da 'yan acaɓan bakin layi muka gaya musu halin da ake ciki. Sau biyu ana dawo mana da ita a kan babur, ƙunshin yana cinyarta, tana yi wa yaron faɗa wai ya bi da ita ta hanyar da ba ita ba.

Wanda ya san dattijon da aka yi cigiya jiya, don Allah ya sanar da mu ko an gan shi.