Muryar da ke cikin wayar Baba ba ta rediyo ba ce

Duk wanda ya tashi a Kaduna ya san dattijo da rediyonsa. Tun 1962 da aka buɗe gidan rediyon Arewa a garin nan, iyayenmu suka saba da cewa duk muryar da ta fito daga akwati an riga an tantance ta. "Rediyo ya faɗa" ita ce maganar da ke kashe gardama a majalisa.

Akwatin ya canza, yardar kuwa tana nan. Leƙa majalisar dattawa a Tudun Wada ko Kawo bayan la'asar, za ka ga an kara waya a kunne ana sauraron saƙon murya na WhatsApp. Da yawansu dogon rubutu na ba su wahala, wani ido ya yi rauni, wani bokon bai yi nisa ba, don haka murya ce jaridarsu. Kuma ba baƙo ne ya turo ba. Ƙani ne, ko abokin sahu a masallaci, ko zauren 'yan fansho. Ƙaryata saƙon tamkar ƙaryata mai turowa ne, abin da dattijo ke jin nauyinsa ƙwarai.

Mai karanta labarai a rediyo yana da edita a bayansa. Mai saƙon murya ko sunansa ba a sani ba. Mun ɗanɗana kuɗarmu a watan Agustan 2014, lokacin Ebola, da aka riƙa tashin mutane da asuba ta waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a sha, har aka rasa rayuka. A garin da ya ga rikicin 2000 da na 2011 kuwa, saƙo ɗaya mai cewa "an fara" ya isa ya sa a rufe shaguna a Kasuwar Barci.

A 2019 WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda. Wannan ya rage gudu, bai taɓa yardar ba.

Ina jin zafin yadda wasu matasa ke yi wa iyaye dariya, ko su ce a cire su daga zaure. Mu muka saya musu wayar, muka buɗe musu, muka tafi harkokinmu. Wanda ya yi haka shi ya kamata ya zauna da Baba, ya nuna masa alamar kibiyar da ke nuna an turo saƙo ne, ya ce cikin ladabi, "Baba, wa ya faɗa, kuma yaushe?" Su ma gidajen rediyon Kaduna su riƙa fitar da gajerun labarai cikin murya, da sunan tasha da kwanan wata, su shiga zaurukan da dattawan suke.