Sa Hannun Ranar Farko Da Ke Rufe Wa Iyalan Tsofaffi Ƙofar Kotu A Amurka

Idan tsohuwa ta faɗi a banɗakin gidan kula da tsofaffi ƙugunta ya karye saboda babu wanda ya amsa ƙararrawar da ta yi ta dannawa, abin da 'ya'yanta ke fara cewa shi ne sai sun maka gidan a kotu. Da yawansu sai a ofishin lauya suke gane cewa tun ranar da suka kai ta, cikin tarin takardun karɓa, suka amince cewa duk wata taƙaddama mai sulhu mai zaman kansa ne zai yanke ta a asirce, ba alƙali ba.

Kotun Ƙolin Amurka ta ɗaure wa wannan sharaɗi gindi har sau biyu, a shari'ar Marmet ta 2012 da ta Kindred ta 2017, bisa dokar sulhu ta tarayya ta 1925. A ganina wannan cuta ce, domin wanda ya ɗauko mahaifiyarsa mai ciwon mantuwa yana neman inda za ta kwana a daren nan ba ya cikin halin cinikin haƙƙinsa, kuma hukuncin da aka yanke a ɓoye ba zai gargaɗi iyalin da za su zo gobe ba.

Matsalar ta fi tsanani a gidajen da ake taimaka wa tsoho da wanka da abinci da shan magani kawai. Gidajen jinya masu karɓar kuɗin Medicare da Medicaid, wato shirye-shiryen inshorar lafiya na gwamnati, suna ƙarƙashin dokar tarayya ta 1987, kuma tun 2019 an hana su mayar da sa hannu kan sulhu sharaɗin karɓar mutum, an ma ba wanda ya sa hannu kwana 30 ya janye. Su kuwa gidajen taimakon, kowace jiha ce ke tsara musu ƙa'ida, wasu jihohin kuma sun yi sako-sako ƙwarai. Binciken jaridar Washington Post a 2023 ya gano cewa tun 2018 fiye da mutum 2,000 sun sulale daga irin waɗannan gidaje ko an bar su a waje babu mai kula, kusan 100 kuma sun mutu.

Ba wai hanya ta toshe gaba ɗaya ba ce. Sharaɗin sulhu ba ya hana kai ƙorafi ga hukumar jiha mai ba da lasisi, ko ga jami'in karɓar koken mazauna gidajen kulawa, wanda kowace jiha ke da shi kuma kyauta yake aiki. Hoton raunin da takardun asibiti su ne jarin iyali, kuma jinkiri na kashe ƙara, domin a jihar Fulorida, alal misali, wa'adin shigar da ƙara shekara 2 ne. Sai dai lauyoyi kan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku na diyya ne a matsayin lada, tsohon da ba ya aiki kuwa ba shi da albashin da za a ce ya rasa, shi ya sa da yawa ke ƙin karɓar irin wannan ƙara. Kalifoniya ta magance wannan tun 1991, inda dokarta ke ɗora wa gidan kuɗin lauya idan aka tabbatar da ganganci.

A 2022 majalisar dokokin Amurka ta haramta tilasta sulhu a ƙararrakin cin zarafi ta hanyar lalata. Ban ga dalilin da zai hana ta yi wa tsohuwar da aka bari kwance a ƙasan banɗaki irin wannan doka ba.